Ramin da Haƙori Ya Bari

Ƙannena maza da mata, akwai wata magana da likitocin haƙori ke ji kusan kullum daga bakin matasa: "Likita, don Allah a cire min shi kawai in huta." Mai faɗin haka galibi bai runtsa ba daren jiya, kuncinsa ya tasa, ya tallafe haɓa da hannu. In aka bi diddigi za a tarar ciwon ba jiya ya soma ba. Ya yi watanni yana jin tsami in ya sha ruwan sanyi, yana tauna da gefe ɗaya, yana sakace wani kogo da tsinke duk bayan cin abinci. Abin da ya hana shi zuwa tuntuni tsoro ne, tsoron allura da tsoron ƙarfen da za a sa masa a baki. Shi ɗin dai, da zarar an cire haƙorin sai ya ɗauka magana ta ƙare. Yana fita ya tofar da audugar da aka ce ya cije, ya kurkure baki a bakin famfo, ya hau babur ya koma harkarsa.

Abin da nake so ku gane shi ne an ajiye tsoron nan a inda ba muhallinsa ba. Zaman kujerar likita shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Hatsarin yana cikin watannin da aka ɓata kafin a je, da kuma kwana uku ko huɗun da ke biyo bayan an dawo gida, lokacin da babu likita a kusa, daga kai sai bakinka.

Haƙori ba dunƙulallen ƙashi ba ne. Yana da farin ɓawo a waje, wanda duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri. A ƙarƙashin ɓawon akwai wani sashe mai ɗan rawaya da bai kai shi ƙarfi ba, a can tsakiya kuma akwai wani ɗan gurbi inda jijiya da hanyoyin jini suke. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a dattin haƙori suna cin sukarin da muka sha a shayi da lemo da alewa, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke cinye ɓawon sannu a hankali. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Duk wanda ya turara maka hayaƙi, ya nuna maka wasu fararen abubuwa a ruwa ya ce tsutsotsin haƙorinka ne suka fito, kuɗinka kawai ya ci. Kuma wannan cuta ba ta mutanenmu kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce kimanin mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kusan biliyan 2 daga cikinsu suna yawo da ruɓaɓɓen haƙorin girma da ba a yi wa magani ba.

Muddin ɓarnar ba ta kai jijiya ba, ciko ya wadatar, aikin zama ɗaya. In ta kai, sai zogin dare ya fara, irin mai bugawa tare da bugun zuciya. Daga nan kuma sai wata rana ciwon ya ɗauke da kansa, mutum ya yi hamdala ya ce ya warke. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cutar kuwa sun bi saiwa sun gangara cikin ƙashin muƙamuƙi suna tara mugunya. Shirun nan ba waraka ba ce.

A tsakanin nan ne ake cusa wa kogon abubuwan da ke ɗaga min hankali: ruwan batir, man fetur, ƙwayar asfirin da ake dannawa a jikin dasashi. Duka ukun ƙona naman baki suke yi, su bar gyambo a kan ciwon da ake da shi. Kanumfari dai yana da wani mai da ke kwantar da raɗaɗi, har likitoci ma suna amfani da man a wasu magungunansu, amma lallashi ne na ɗan lokaci, ba ya tsayar da ruɓewa.

Kada ku raina kumburin da ya taso daga haƙori. A 1836 wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya yi bayanin wata cuta da har yau ake kiranta da sunansa, wadda galibi daga turamen ƙasa take tasowa. Mugunya ta bazu ƙarƙashin harshe da haɓa, wuya ya kumbura ya yi tauri, harshe ya ɗago sama ya nemi toshe hanyar numfashi. Manyan asibitocinmu suna karɓar masu irin wannan ciwo, wasu kuma ana kawo su a makare. Duk wanda kumburin haƙorinsa ya sauka wuya, ko ya haura ƙasan ido, ko haɗiyar yawu ta gagare shi, ko bakinsa ya ƙi buɗuwa ga zazzaɓi, wannan ba mai jiran gari ya waye ba ne. A kai shi asibiti a daren.

In ka isa gaban likita, kada kalmar "cire" ta fara fita daga bakinka. Ka tambaye shi tukuna: "Ana iya ceto shi?" Haƙoran babban mutum 32 ne, kuma wanda ya fita ba ya sake tsirowa. Ko da ɓarna ta kai jijiya, akwai aikin da ake yi a kwashe matacciyar jijiyar, a wanke hanyarta har ƙarshen saiwa, a cike, a sa wa haƙorin hula. Ya fi cirewa tsada, kuma yakan ɗauki zuwa fiye da ɗaya. Na san halin da aljihun ɗalibi da ɗan koyon sana'a yake ciki. Amma ka yi lissafin har da kuɗin cike giɓin nan gaba, za ka ga cirewar ba ta kai arhar da ka zata ba. Akwai kuma inda cirewa ita ce daidai: haƙorin da ya ruɓe har ƙasan dasashi, wanda ya tsage har saiwa, wanda ciwon dasashi ya cinye ƙashinsa yana girgiɗi, da turmin ƙarshe na can ƙuryar baki. Wannan na ƙarshen ku ya fi shafa, domin tsakanin shekara 17 da 25 yake fitowa. In bai sami wuri ba sai ya kwanta a karkace, rabinsa a binne, naman da ya rufe shi ya riƙa tara abinci yana kumbura. In ya fito a miƙe lafiya lau, buroshi yana kai masa, babu dalilin taɓa shi.

Sai maganar inda za ka je. Na san likitocin haƙori ba su da yawa, kuma mafi yawansu suna birane. Duk da haka ina roƙonku kada ku buɗe baki ga mai filaya a kasuwa ko a bayan kemis. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a jikin ƙarfen da jini ya taɓa, kuma goge shi da tsumma ko tsoma shi a ruwan ɗumi ba ya kashe ta. A asibiti na ƙwarai ana turara kayan aiki a wata tukunya mai matsi da zafinta ke kai digiri 121 ko fiye. Ƙari a kan haka, wanda bai ɗauki hoton haƙorin ba bai san inda saiwa ta lanƙwasa ba, in ta karye a ciki kuma ba shi da yadda zai yi da ita. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri duk suna da sashen haƙori da muƙamuƙi, haka ma babban asibitin ƙasa na Yamai da manyan asibitocin jihohi da dama. A Nijeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitan haƙori rajista, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambaya.

Ka ci abinci kafin ka tafi, sai dai in likita ya ce kada ka ci saboda za a sa ka barci. Masu shiɗewa a kan kujera galibi tsoro ne ya haɗu musu da yunwa. Sannan kada ka ɓoye masa komai game da lafiyarka. In kana da sikila, ko ciwon suga, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, ko gyambon ciki, ko kana shan maganin tsinka jini, ko a gidanku akwai waɗanda jininsu ba ya tsayawa da wuri in sun yanke, ko wani magani ya taɓa tayar maka da borin jini, ka faɗa tun kafin a ɗauko allura. Kowane ɗaya yana canza yadda za a yi aikin da maganin da za a rubuta. Ke kuma ƙanwata mai juna biyu, kada a ce miki sai kin haihu. Ki faɗa wa likita watannin cikin. Ana yi wa mai ciki aikin haƙori, kuma tsakanin wata na huɗu da na shida ya fi sauƙi. Barin mugunya a jiki ya fi allurar hatsari gare ki da abin da kike ɗauke da shi.

Za ku ji ana cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido. Ba gaskiya ba ne, jijiyar gani dabam take da ta haƙori. Abin da ke kusa da saiwar turamen sama wani kogon iska ne da ke haɗe da hanci, shi ya sa likita kan ce kada a face majina da ƙarfi na wasu kwanaki. A ƙasa kuma akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji, tana ratsawa kusa da saiwar turmin ƙarshe. Hoton da aka ce ka biya kuɗinsa saboda irin waɗannan ne, ba neman ƙarin kuɗi ba.

Ita kanta cirewar, ku gode wa Allah da zamanin da kuka zo. Kakanninmu da na kowa a duniya danne su ake yi a fizge. Sai a Disambar 1844 wani likitan haƙori a garin Hartford na Amurka, Horace Wells, ya shaƙi wata iska mai gusar da zafi ya sa aka cire nasa haƙorin don ya gwada. Maganin allurar da aka fi amfani da shi yau, lidoken, a 1943 aka haɗa shi a ƙasar Suwidin. Zafin allurar na ɗan lokaci ne ƙalilan. Bayan minti kaɗan leɓe da kunci su yi nauyi. Wani zai ji zuciyarsa ta ɗan ƙara sauri, wannan daga wani sinadari ne da ake haɗawa a allurar don ta daɗe tana aiki, kuma yana wucewa. Likita ba fizga yake yi ba. Girgiza haƙorin yake yi a hankali da awartakinsa har gurbin ya buɗe, zaruruwan da suka riƙe saiwa su saki. Za ka ji dannawa da turawa, ka ji ƙara a cikin kanka, amma bai kamata ka ji zafi mai suka ba. In ka ji, ka ɗaga hannu a ƙara maka allura. Haƙorin da ya kumbura yakan buƙaci ƙari, kuma babu jarumtaka a cije wa zafin da ke da magani.

Yanzu ga inda aikin ya dawo hannunka. Haƙori ya fita ya bar rami a cikin ƙashi, jini ya cika ramin ya daskare ya zama guda. Wannan gudan jinin shi ne komai. Shi ya rufe ƙashi da jijiyoyin da ke ciki, kuma a cikinsa sabon nama ke tsirowa, daga baya ƙashi ya biyo. Kamar sabon daɓen siminti yake: in aka bar shi ya kama zai yi shekaru, in aka taka shi yana ɗanye sai an sake aiki. Duk dokokin da likita zai lissafa maka, tsaron wannan gudan suke yi.

Ka cije audugar da ƙarfi daidai misali har minti 30, ba magana, ba leƙawa. A wannan yinin da darensa kada ka kurkure baki, kada ka riƙa tofar da yawu, haɗiye shi za ka yi. Jini kaɗan in ya gauraya da yawu sai ya zama kamar mai yawa, kada ka firgita. Kada ka zuƙi lemo da bututu, kada ka tsotsi ledar fiya wata ko ta zoɓo, tsiyaya a kofi ka kurɓa. Harshe zai yi ta son zuwa wurin, ka hana shi, haka ma yatsa da tsinken sakace. Ba ranar ƙwallo ba ce, ba ta dako ko noma ba, domin aikin ƙarfi yana tayar da jini. In za ka kwanta ka ɗaga kai da matashi biyu. In jinin ya dawo sosai, ka zauna a miƙe, ka naɗe tsabtataccen ƙyalle ka ɗan jiƙa shi, ka ɗora a kan ramin daidai ka cije na wani minti 30. Jiƙaƙƙen ƙunshin ganyen shayi irin na Lipton ma yana taimakawa.

Wani zai ce to alwala fa? A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, kurkurar baki sunna ce a alwala, ba farilla ba. A yinin farko kana iya barinta, ko ka sa ruwa kaɗan ka sunkuyar da kai ya zube da kansa ba tare da ka wujijjiga shi ba. In cirewar ba ta gaggawa ba ce kuma azumi ya gabato, ka shirya da likita a yi kafinsa ko bayansa, saboda shan magani a kan lokaci. In ta gaggawa ce, ka tambayi malaminka hukuncin marar lafiya, kada ka zauna da kumburi.

Ga masu shan sigari da shisha, ba zan kewaya ba. Zuƙar tana iya ɓamɓare gudan, hayaƙin kuma yana rage jinin da ke isa wurin. Ka haƙura aƙalla kwana uku, mako guda ya fi. In ka iya mako, ka tambayi kanka abin da zai sa ka koma.

Kada ka ci komai sai allurar ta sake ka, abin da kan ɗauki awa biyu zuwa huɗu, domin mutum na iya tauna leɓensa ko harshensa bai sani ba. Daga nan sai abu mai laushi wanda ya huce: kunu, koko, yogot, furar da aka dama ta yi sumul, ayaba, alala, faten dankali, tuwo mai taushi da miyar kuka ba yaji. Shayi mai tururi ya jira gobe. Gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli, kilishi, tsire, rake da goro su jira mako. Dambu da shinkafa ma a yi hattara, ƙwayoyinsu na faɗawa ramin. Ka tauna da ɗaya gefen, amma kada ka zauna da yunwa, jiki ba ya gina nama da cikin wofi.

Bayan awa 24 sai ka fara ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan ɗumi, ka riƙe a gefen ramin, ka karkata kai a hankali, ka bari ya zube. Ka yi haka bayan kowane cin abinci har mako guda. Sauran haƙoran ka ci gaba da goge su da buroshi ko asuwaki, kana kauce wa ramin. Kumburi yakan kai ƙarshensa a kwana na biyu ko na uku, sannan ya fara saɓewa, musamman in an yi yanka da ɗinki. A nan iyaye mata za su taso da ruwan zafi da tawul, domin mu mun saba duk abin da ya kumbura gashi ne maganinsa. Ka ba su haƙuri da ladabi. A kwana biyun farko sanyi ake so, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma a ɗora a kunci na minti 15 zuwa 20 a huta. Zafi a lokacin ƙara jini da kumburi yake yi. In ka haska ramin ka ga wani abu fari-fari ko rawaya-rawaya a samansa alhali ciwo na raguwa, sabon nama ne, kada ka ƙwaƙule shi.

Idan gudan ya fita ko ya narke kafin lokaci, sai a sami abin da likitoci ke kira busasshen rami. Alamarsa ba ta ɓuya. Ciwon da ya kamata ya riƙa sauka sai ya tashi a kwana na biyu zuwa na huɗu, ya harba har kunne da gefen kai, baki ya yi wari, maganin da kake sha ya daina jin magana. A cirewa ta yau da kullum yakan sami mutum 1 zuwa 5 cikin 100, amma a binnannen turmin ƙarshe na ƙasa yana iya kai 30 cikin 100. Masu shan taba da matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa sun fi kamuwa. Ba a zama da shi a gida, kuma ba kafso ne maganinsa ba. Ka koma, likita ya wanke ramin ya cusa masa magani, sau da yawa sauƙi na zuwa tun kafin ka isa gida.

Maganar magani kuwa, farasitamol da ibufurofen, in aka sha yadda likita ya tsara, sun isa mafi yawan ciwon bayan cirewa. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 ta farasitamol mai miligiram 500 a cikin awa 24, domin wuce haka na lalata hanta, kuma magungunan mura da yawa ma suna ɗauke da shi. Ibufurofen ba a shan sa da cikin wofi, kuma bai dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai tsohon ciki ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba kowace cirewa ke buƙatarsa ba. In an rubuta, ka sha yadda aka ce, in ba a rubuta ba kada ka je kemis ka haɗo wa kanka. Abin da na fi jin tsoro a kanku shi ne abokin da zai miƙo tiramol ya ce shi ne mai kashe ciwon nan take. Kun ga abin da ƙwayar nan da kodin suka yi wa samarinmu da 'yan matanmu, har sai da gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Ciwon ramin haƙori na kwanaki ne. Kada ka buɗe wa kanka ƙofar da za ka yi shekaru kana neman rufewa.

Ka koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba in jini ya ƙi tsayawa bayan ka cije ƙyalle sau biyu, ko kumburi na ƙaruwa bayan kwana uku, ko zazzaɓi ya rufe ka, ko leɓenka bai dawo da ji ba har washegari, ko ka kurɓi ruwa ya fito ta hanci.

Dasashi yakan rufe bakin ramin cikin mako biyu zuwa uku, ƙashin ciki kuma sai ya yi watanni yana cika. Amma giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Haƙoran gefe suna karkatowa cikinsa, abokin taunarsa na sama ko na ƙasa yana zarowa don bai da abin karo, ƙashin wurin kuma yana zaizayewa, mafi yawa a watannin farko. Saboda haka kafin ka yi sallama da likita ka tambaye shi abin da za a sa a gurbin da lokacin da ya dace. Akwai haƙorin roba da ake sawa a cire, shi ne mafi arha. Akwai wanda ake ɗaurawa a jikin maƙwabta biyu. Akwai kuma dashen ƙarfen titaniyam a cikin ƙashi, wanda aka fara yi wa mutum a Suwidin a 1965, shi ne mafi tsada. Turmin ƙarshe dai ba ya buƙatar madadi.

Ka kuma ce ya duba sauran bakin, domin abin da ya ci wannan haƙorin bai tsallake 'yan'uwansa ba. In kana da ƙane ko ƙanwa 'yan shekara shida zuwa goma, ka sa su buɗe baki ka duba can baya. Turmin girma na farko yana fitowa ne wajen shekara shida, a bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya famfare ba, shi ya sa iyaye ke zaton na yarinta ne da zai faɗi a sami wani. Ba shi da magaji, kuma yana cikin waɗanda aka fi cire wa matasa. In ka ga baƙin ɗigo ko rami a samansa, ka faɗa wa Baba ko Inna a kai yaron a cike masa a wannan watan.